SUJADAR HAUSA TA ZAMA BORA A ƊAKIN DA TA GINA

Hausawa na cewa ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mun daɗe muna haɗiye wannan magana muna cewa ta cikin gida ce, a bari dattawa su kashe ta a ɗaka. To, shekara ta bi shekara dattawa ba su ce uffan ba, abin kuwa sai gaba yake yi. Wannan ne ya sa muka ga ya zama tilas mu ɗauki alƙalami mu kawo kukanmu wannan fili na marubuta, domin magana ce ta harshe, kuma duk abin da ya taɓa harshen Hausa ya taɓa kowane ɗan wannan ƙungiya, ko masallaci yake zuwa ko majami'a. Mu masu wannan rubutu Kiristoci ne. Da Hausa aka yi mana baftisma, da ita aka ɗaura mana aure, da ita muka binne iyayenmu. Ƙarar da muka kawo ita ce yadda majami'unmu na birane suka mai da sujadar Hausa bora, suka ɗauki ta Turanci suka yi mowa da ita, sa'an nan suka koma suna mamakin yadda zumunci ya yi ƙaura daga cikin ikilisiya.

Domin kada mai karatu ya ce shaci-faɗi muke yi, bari mu faɗi abin da ya faru a kan idonmu a wata majami'a, a ɗaya daga cikin manyan garuruwan Arewa. Ba za mu kama suna ba, don ba tonon silili ya kawo mu ba, kuma mun san duk wanda ya karanta zai ce ai tasu ake nufi.

Leburori da masu gadi da kuku-kuku da matan sojoji ne suka kafa wannan majami'a a ƙarƙashin rumfar kara. Kowa da yarensa ya zo, wannan daga Filato, wancan daga Adamawa, wani daga kudancin Zariya, wani Bahaushe daga ƙauyukan Katsina, Hausa ce ta haɗa su. Da suka tashi gini, mata ne suka riƙa ɗebo yashi daga rafi a ka, maza suna buga bulo ran Asabar bayan sun taso daga aiki. Mai kwabo ya kawo kwabo, mai damin dawa ya kawo dami. Allah ya sa wa abin albarka, 'ya'yansu suka yi boko, ma'aikata da 'yan kasuwa suka shigo, aka tayar da sabon gini mai bene. Ranar da aka buɗe shi sai sanarwa ta fito cewa daga yau sujadar Turanci ƙarfe tara, ta Hausa kuwa ƙarfe shida da rabi na safe. Ba a daɗe ba aka ce masu Hausa suna jinkirin fita, suna hana a gyara wuri, don haka su koma tsohon ɗaki inda yara ke Makarantar Lahadi. Babban fasto ya tsaya wa ta Turanci, ta Hausa aka bar wa ɗalibin da ya zo koyon aiki.

Duk wannan an jure. Abin da ya tsaya mana a rai shi ne taron ikilisiya na ƙarshen shekara. Ma'aji ya miƙe ya karanta lissafin kuɗi tun daga farko har ƙarshe da Turanci. Wata tsohuwa daga cikin waɗanda suka ɗebo yashin nan ta ɗaga hannu, ta ce cikin ladabi, "Baba Fasto, a taimake mu da fassara, mu ma mu ji inda baikonmu ya shiga." Aka ce mata lokaci ya ƙure, in ta koma gida ta tambayi 'ya'yanta. Ta gyara ɗaurin ɗankwalinta ta zauna. Tun daga ranar ba mu sake jin muryarta a wani taro ba. Tana zuwa sujada, tana ba da baiko, amma ta gane cewa a wannan gida ita baƙuwa ce.

SHIN ANA CEWA AMIN GA ABIN DA BA A JI BA?

Jama'a, wai shin mece ce sujada? In kallo ce, to kowane harshe ya wadatar, tun da ko fim ɗin Indiya mutanenmu suna kallo su yi dariya su yi kuka ba tare da sun ji kalma ɗaya ba. Amma abin da aka koya mana tun muna yara shi ne sujada aikin gayya ne. Mai addu'a yana roƙo a madadin kowa, jama'a su sa hannu da cewa Amin. Mai wa'azi yana gargaɗi, kowa ya auna kansa. Ana furta bangaskiya da baki ɗaya, ana furta zunubi da baki ɗaya, ana cin Jibin Ubangiji daga tebur ɗaya. Idan rabin masu gayya ba su ji kiɗan ba, ta yaya fartanya za ta sauka tare?

Wannan ba ra'ayinmu ba ne mu kaɗai. Manzo Bulus ya yi wa Korintiyawa faɗa a kan haka a sura ta 14 ta wasiƙarsa ta fari. Gaskiya ne a kan masu magana da baƙin harsuna yake magana, amma ƙa'idar da ya kafa ta shafe mu, domin ya tambaye su yadda mutum zai amsa addu'ar da bai fahimta ba, ya kuma nuna ya fi son 'yan kalmomi biyar da za su amfani jama'a a kan dubu goma da ba wanda ya gane. Haka kuma ranar Fentikos, abin da ya ba taron Urushalima mamaki shi ne kowa ya ji saƙon da harshen da aka haife shi a ciki. Ba a ce wa kowa ya je ya koyo harshen manya ya dawo ba.

Wanda ya fi kama da halin da muke ciki shi ne labarin da ke sura ta 6 ta Ayyukan Manzanni. Rikicin farko da ya tashi a cikin ikilisiyar farko rikicin harshe ne. Masu jin Helenanci suka yi gunaguni cewa ana tsallake matansu da mazansu suka mutu wajen rabon abinci na yau da kullum. Manzanni ba su ce lokaci ya ƙure ba. Tara jama'a suka yi, aka zaɓi mutum bakwai aka danƙa musu aikin, kuma duk wanda ya duba sunayen mutanen nan bakwai, tun daga Istifanas har na ƙarshensu, zai ga sunayen Helenawa ne. Wato ɓangaren da ya yi kuka aka saurara. Yau a wurinmu tsohuwa ta yi irin wannan kuka, an ce ta tambayi 'ya'yanta.

Abin dariya, abin kuka, shi ne Turancin da ake tinƙaho da shi yau shi ma ya taɓa zama bora. Ɗaruruwan shekaru Turawan yamma suna sujada da Latin, manomi da maƙeri suna tsaye ba su san abin da limami ke faɗi ba. Martin Luta ya fitar da Sabon Alkawari da Jamusanci a 1522. Wiliyam Tindal, wanda ya juya shi zuwa Turancin Ingila, shaƙe shi aka yi aka ƙone gawarsa a 1536. A cikin ƙa'idodi 39 na ɗarikar Angilika, ta 24 ta hana a yi addu'ar jama'a da harshen da jama'a ba su ji. Ɗarikar Katolika ma, a babban taronta na Batikan, ta buɗe ƙofar yin sujada da harsunan mutane a 1963. Ashe ke nan mu ne za mu ɗauki karkiyar da masu ita suka yar, mu rataya wa iyayenmu?

BA JIYA HAUSA TA SHIGA MAJAMI'A BA

Wasu daga cikin yaranmu suna ɗauka sujadar Hausa wata alfarma ce da ake yi wa waɗanda ba su je makaranta ba. Rashin sanin tarihi ne. Tun a ƙarni na 19 wani Bajamushe mai suna Schön ya fara juya sassan Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, tare da taimakon Dorugu, yaron nan da ya bi Barth zuwa Turai, kuma daga bakin Dorugu aka samo da yawa daga abin da ke cikin littafin Magana Hausa na 1885. A 1900 ayarin Bishop Tugwell ya iso Kano, Sarki Alu ya sallame su. A cikin ayarin akwai Likita Mila, wanda sai da ya je Tarabulus ya zauna da Hausawan can ya koyi harshen kafin ya tako ƙasar nan. Ya zauna a birnin Zariya daga 1905, daga baya mishan ɗin ta koma Wusasa a 1929. A 1932 cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa, wato kafin a buga Ruwan Bagaja da Ganɗoki. An sake sabuwar fassara a 1979.

Duk wanda ya shiga tsohuwar majami'ar Wusasa ya ga amsar wannan gardama da idonsa. Ginin ƙasa ne, da tubali da azara da bakan gizo irin na soron sarakuna. Waɗanda suka gina ta ba su ga wani dalilin da zai sa ɗakin sujadar Bahaushe ya yi kama da na Landan ba. Kuma wannan ƙaramar ikilisiya mai sujada da Hausa ita ce ta reni Dokta Barau Dikko, likitan farko ɗan Arewa, da Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, da Janar Yakubu Gowon. Wanne daga cikinsu Hausa ta hana shi jin Turanci? Mu marubuta kuwa kada mu manta cewa John Tafida, wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East, ɗan wannan gida ne. Ɗaya daga cikin littattafai biyar da ake kira tushen ƙagaggen labarin Hausa da hannun Kirista a ciki.

A dubi sunayen ɗarikunmu ma. Tarayyar Ekklesiyoyin Kristi a Nijeriya, wadda aka kafa a 1955. Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wadda ta faro a gindin tsamiya a Garkida a 1923. Haɗaɗɗiyar Ekklesiyar Kristi a Nijeriya. Zumuntar Mata. Sabon Rai Don Kowa. Gidan rediyon Muryar Bishara. Iyayenmu ne suka raɗa waɗannan sunaye da harshen da suke addu'a da shi. Yau mun taƙaita su zuwa haruffan Turanci uku ko huɗu ko biyar, har akwai matashin da zai rera maka haruffan bai san abin da suke nufi ba.

HUJJOJIN MASU WANCAN RA'AYI

Ba za mu yi musu rashin adalci ba. Suna da hujjoji, kuma wasu daga ciki suna da nauyi.

Ta farko, sun ce birni ya tara kowa, akwai Ibo da Yarbawa da sauran waɗanda ba su jin Hausa, ba za a kore su ba. Mun yarda ɗari bisa ɗari. Ba mu taɓa cewa a rufe sujadar Turanci ba, kuma duk wanda ya ce a rufe ta mu ne farkon masu yi masa musu, domin hujjar da ta kare tsohuwarmu ita ce ta kare baƙonmu. Tambayarmu ita ce: me ya sa karɓar baƙo sai ya zama korar ɗan gida? Wane ne ya ce in an shimfiɗa wa baƙo tabarma dole mai gida ya koma zaure?

Ta biyu, sun ce yaran yanzu ba su iya karanta Hausa, da Turanci suke tunani. To, wa ya hana su iyawa? A da ajin baftisma shi ne ajin yaƙi da jahilci. Dubban manoma a ƙauyuka sun koyi a, ba, ca ne don su karanta Littafi Mai Tsarki da Littafin Waƙoƙi da kansu. Mu ne muka cire Hausa daga Makarantar Lahadi, muka riƙa tsawata wa yaro in ya yi ta a gida, sa'an nan muka juyo muna kafa hujja da rashin iyawarsa. Wannan shi ne a karya wa mutum ƙafa a ce ba ya iya gudu. Ban da haka ma, yaran da ake cewa ba su jin Hausa da ita suke ciniki a kasuwa, da ita suke gardamar ƙwallo, da ita suke zance da 'yan mata. Sai an zo gaban Allah ne kawai take gagararsu?

Ta uku ita ce mai nauyi, kuma ba za mu kauce mata ba. 'Yan'uwanmu na Filato da kudancin Kaduna da Gombe da Adamawa suna cewa, ku da kuke kukan Turanci ya danne Hausa, ai Hausar ce ta danne namu harsunan. Akwai gaskiya a nan, kuma laifi tudu ne, bai kamata mu taka namu mu hango na wani ba. Turawan mishan da na mulki sun ga ya fi musu sauƙi su koyi harshe ɗaya su yi aiki da shi ko'ina, ta haka harsuna da yawa suka daɗe ba su da littafi ko ɗaya. Saboda haka muna cewa da babbar murya, duk ƙauyen da jama'arsa ke da harshe ɗaya, Birom ne ko Angas ko Tangale ko Bura ko Jju, harshen nan ya fi Hausa cancantar hawa bagade, kuma muna jinjina wa masu aikin fassara a Jos da sauran wurare. Amma a gaya mana gaskiya: a majami'un biranen nan da aka tura Hausa tsohon ɗaki, da wane yare aka maye gurbinta? Da Tangale? Da Bura? Ko kusa. Da Turanci ne. Tsohuwar da ta bar yarenta ta koyi Hausa don ta yi sujada da maƙwabtanta, yanzu an ce ta sake barin wannan ma. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Ta huɗu ba a faɗinta a fili, a bayan fage ake raɗa ta, wai Hausa harshen Musulmi ne. Wannan magana tagwaye ce da wadda muke ji daga wancan gefe, inda wasu ke cewa Bahaushe ba ya zama Kirista, in ya zama to ya tashi daga Bahaushe. Duka biyun ƙarya ce, kuma kowace tana ciyar da 'yar'uwarta. Harshe ba ya salla, ba ya zuwa coci. Kiristocin Masar da Labanan suna kiran Allah da Larabci, ba wanda ya ce aro suka yi. Masu wannan raɗa su je Wusasa, su je ƙauyukan Malumfashi da Kafur, su haura Tsibiri da Galmi a Jamhuriyar Nijar, su gaya wa Masihiyawan can cewa harshen da suka sha a nono ba nasu ba ne. Duk ranar da muka bar Hausa saboda wannan dalili, mun sa hannu da kanmu a kan takardar da ke cewa mu baƙi ne a ƙasar iyayenmu. Kuma mun rushe gada guda da ta rage tsakaninmu da maƙwabtanmu Musulmi, waɗanda muke gaisawa da su da kalmomi iri ɗaya, muke yi wa juna ta'aziyya da barka da kalmomi iri ɗaya.

ABIN DA AKE ASARA

A nan gizo ke saƙar. Da a ce maganar ta tsaya ga lokacin sujada, da mun yi shiru. Abin da ya faru shi ne ikilisiya ɗaya ta rabu biyu ba tare da an yi shela ba, kuma layin da ya raba ta layin aljihu ne. Masu mota da takardun digiri suna nan, masu dakon kaya da 'yan tireda da tsofaffi suna can. Suna wucewa da juna a bakin ƙofa, waɗannan na fita waɗancan na shiga, ba wanda ya san sunan wani. Daga ɓangare ɗaya ake zaɓen dattawa da ma'aji da magatakarda, domin da Turanci ake taro. Wasiƙar Yakubu ta yi kashedi a kan ba mai zoben zinariya wuri mai kyau a bar matalauci a tsaye. Mu mun fi su dabara, mun ba kowa kujera, amma mun raba musu awa da ɗaki.

Sai dai a tambaya, in ciwo ya kwantar da ɗan ikilisiya, su wa ke zuwa asibiti da kwanon abinci? In an yi rasuwa, su wa ke kwana a gidan makoki suna waƙa har gari ya waye? Su wa ke share majami'a ran Asabar, su wa ke dafa abincin Kirsimeti, su wa ke fita bishara ƙauye a bayan akori-kura? Kowa ya san amsa. 'Yan Zumuntar Mata ne da 'yan Sabon Rai, mutanen ƙarfe shida da rabi. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, kuma ƙafafun ikilisiya su ne waɗannan da aka hana wa baki. Jikin da kansa ke magana da wani harshe, ƙafafunsa na jin wani, ina za shi?

Wanda ke shakkar darajar abin da ke bakin matan nan ya tuna 2014. A watan Oktoba na shekarar 'yan Boko Haram suka mamaye hedikwatar Ekklesiyar 'Yan'uwa da ke Kwarhi, bayan an sace 'yan matan Chibok a watan Afrilu, waɗanda akasarinsu 'ya'yan wannan ɗarika ne. An ƙone majami'u, jama'a suka watse zuwa Yola da Jos da Abuja da Kamaru. Ba wanda ya gudu da lasifika ko jita. Abin da suka tsira da shi shi ne abin da ke cikin ka, wato addu'o'i da ayoyi da waƙoƙin da suka haddace. Margi da Kibaku da Bura da Higi suka zauna a ƙarƙashin itace a wuraren gudun hijira, suka ɗaga murya da harshen da ya haɗa su. Ranar da gini ya faɗi, sujadar da muke rainawa ita ce ta riƙe ikilisiya.

IN ƁERA DA SATA

Kada mu ɗora wa fastoci dukan laifi. Mu masu alƙalami me muka yi? Matashi ya ce sujadar Hausa ta tsufa, kuma in za mu faɗi gaskiya ba mu ba shi sabon abu ba. Da yawa daga waƙoƙin da ke Littafin Waƙoƙi fassara ce daga na Turawa, aka ɗora su a kan karin Turawa. Waɗanda suka yi aikin sun yi iyakar ƙoƙarinsu, muna kuma ƙaunar waƙoƙin don da su muka tashi. Amma kowane ɗalibin waƙa ya san Hausa tana da gaɓa mai nauyi da marar nauyi, tana da hawa da saukar murya, kuma karin da aka yi wa wani harshe ba ruwansa da wannan. Sai ka ji an ja wasalin da bai kamata a ja ba, garin da ake zama a cikinsa ya koma garin tuwo.

Waƙar majami'a ta Hausa tsantsa tana wurin matan Zumunta. Jagora ta ba da waƙa, 'yan amshi su karɓa, tulu da caki suna riƙe da kari, daidai yadda iyayenmu ke yi a waƙar daɓe da ta niƙa. Su suke ƙirƙira, su suke rerawa, a ciki suna wa'azi, suna yi wa mashayi da mai kishi da malalacin miji hannunka-mai-sanda. Mawaƙa ne na gaske, amma wa ya rubuta sunayensu? Kowace tsohuwa ta mutu, da kundinta ake binne ta. Mun cika mujallu da muhawara a kan littattafan soyayya, amma wa ya zauna ya tattara waɗannan waƙoƙi ya yi musu sharhi? Ina ƙagaggen labarin da ya nuna rayuwar gidan mai bishara a ƙauye, ko rigimar zaɓen dattawa, ko auren 'yar fasto? Mu Kiristocin da ke cikin wannan ƙungiya mun fi kowa laifi, don mu muka san gidan, muka kuma koma rubutu da Turanci muna neman suna a Legas. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

ABIN DA MUKE NEMA

Iyayenmu fastoci da dattawan ikilisiya, ba abu mai wuya muke roƙo ba, kuma ba ya cin ko sisi.

A daidaita lokaci da ɗaki tsakanin sujadun biyu, in wannan ta sha hantsi bana, waccan ta sha baɗi. Babban fasto ya riƙa hawa bagade a sujadar Hausa kamar yadda yake hawa a ta Turanci, kuma makarantun da ke horar da fastoci su gwada ɗalibi a kan wa'azi da harshen mutanen da za a tura shi wurinsu. Aƙalla sau ɗaya a wata a haɗa jama'a duka a sujada guda, da tafinta ƙwararre, a ci Jibin Ubangiji tare, mai mota ya karɓi ƙoƙo daga hannun mai gadi. Duk lissafin kuɗi da duk shawarar da za a yanke a karanta su da harsunan biyu, kuma kada rashin Turanci ya hana kowa zama dattijo, domin hankali da tsoron Allah ba a jarrabawa ake cinsu ba. A mai da karatun Hausa Makarantar Lahadi.

Ku kuma 'yan'uwa marubuta, Musulmi da Kirista, ga gona nan ba mai noma. A shiga da na'urar ɗaukar magana a zauna da matan Zumunta tun suna raye. A rubuta sababbin waƙoƙi a kan karin Hausa. Masu nazari a jami'o'i su ɗauki fassarar 1932 da ta 1979 su gwada, su ga yadda harshen ya sauya a tsakanin shekaru 47. Wannan dukiya ta Hausa ce, kuma in ta salwanta ba majami'a kaɗai ta yi asara ba.

Mun san za a ce mun tsokano tsuliyar dodo. Wasu za su ce ƙabilanci ne, wasu su ce mun kai maganar gida waje. Wanda yake da amsa ga fili nan, ya ɗauki alƙalami, za mu karanta da zuciya ɗaya. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Amma kafin kowa ya yi mana martani, muna roƙonsa abu guda: ran Lahadi mai zuwa ya yi sammako, ya zagaya tsohon ɗaki, ya nemi tsohuwar nan ya zauna kusa da ita, ya gaya mata da harshen da take ji inda baikonta ya shiga. Har yanzu tana jiran fassarar.

Allah ya ba mu kunnen ji, ya ɗaure tsintsiyarmu wuri ɗaya. Amin.